Baffa da Baƙuwar Bishiya

Mai rai duk mamaci ne, kuma ga Allah za a koma. Baffa, yayan mahaifina, ya koma wata ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Labarin ya same ni a ofishinmu na gandun daji a garin Sinja, kudu da Hartum, kuma kafin in sami lorin da zai kai ni ƙauye an riga an dawo daga maƙabarta. Saboda haka abin da zan faɗa game da ranar farko ji na yi, ban gani ba, kuma waɗanda suka ba ni labarin ba su dace da juna a kan komai ba. Na ɗauki abin da aƙalla mutum biyu suka faɗa, na bar sauran.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna shigowa suna ɗaga hannu a yi Fatiha. Maƙwabtanmu Larabawa sun zo da sukari da ganyen shayi. Wani tsoho da suka yi aiki tare da Baffa a jinena, wato tsohon lambun gwamnati na bakin kogi, ya zauna can gefe, sai da zai tafi ya tambaye ni ko akwai wanda ya je ya ba ta ruwa yau. Bai faɗi wadda yake nufi ba, ni ma ban tambaya ba. A cikin gida Goggo, ƙanwar su Baba, tana kuka tana faɗa a lokaci guda, kamar yadda ta saba.

"Mutum ya ƙare ransa a gindin icce," in ji ta. "Iccen ma ba a cin ɗiyansa, ba a miya da ganyensa. Allah Ya jiƙan ka, Yaya, amma ka ba mu wahala."

Inna, matar marigayin, tana ɗaki cikin takaba. Da na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ba ta amsa da abin da ake amsawa ba. Ta kira ni da laƙabin da ake kirana a gida saboda boko da aikin gwamnati, ta ce, "Afandi, ka ji ubanka bai amsa wa liman ba?"

Ya kamata in yi bayani a nan, saboda 'yan'uwanmu na yamma da wannan rubutu zai iya kaiwa gare su, da kuma yaranmu da Larabci ya fi zama a bakinsu. Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare musu a bakin wannan kogi, suka tsaya su yi aikin auduga na shekara ɗaya su ci gaba. Har yanzu a waccan shekarar muke. A ƙauyenmu ba a gini da jan bulo, kuma ba a dasa bishiya, don wanda ya dasa abin da zai fi shi daɗewa ya nuna ya sauke kaya ke nan. Dawa da auduga da kuɓewa ba laifi, ana girbe su a tashi. Idan kuma mutum ya rasu, a bakin kabari liman yakan tambayi babban namijin gidan, "A ina ya tsaya?" Shi kuma ya ce, "A kan hanya." Ban san wannan a wani littafi ba, kuma na ji akwai malaman da ba su yarda da shi ba. Amma a wurinmu shaida ce cewa mutum ya mutu da niyyarsa, kuma ban taɓa jin wanda aka hana wa ita ba.

An tambayi Baba, ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Liman ya sake tambaya, ya sake yin shiru. Sai liman, wanda mutum ne mai gudun fitina, ya ce a bari sai ranar addu'ar bakwai.

Dalilin shirun yana jinena, don haka sai in koma can.

Turawa ne suka kafa ta tun kafin a haifi Baba, a kan wani tudu da ke kallon kogi, don su gwada ko itatuwan wasu ƙasashe za su yi a nan. Kowace bishiya da ɗan allon ƙarfe a gindinta. Da yawa sun mutu tun da wuri. Waɗanda suka rage, maɗaci da mangwaro da dogon yaro, ba su buƙatar kowa. Guda ɗaya ce ta bambanta. A allonta an rubuta sunan da Larabawa ke fassarawa da ballut, mu kuwa Baƙuwa muke ce mata. Ba ta kai maɗatan tsawo ba, amma ta fi su faɗi. Mutum biyu ba sa haɗa hannu a jikinta, ɓawonta ya tsattsage kamar fadama a rani, ganyenta kuma ƙanana ne masu tauri, bayansu toka-toka. Abin da na karanta a jami'a ya nuna irinta bai kamata ya rayu a zafin nan ba. Ina zaton inuwar maɗatan da ke yamma da ita da danshin kogi sun taimaka, kuma wataƙila irin na ƙasashen da ba su da tsananin sanyi ce. Ban taɓa ganin wata ba balle in gwada su. Abin da na tabbatar kawai shi ne, daga ɗaukewar ruwan sama har zuwa faɗuwarsa, sai an ba ta ruwa.

Baffa ya shiga jinena yana saurayi, ɗaukar ruwa na rani ɗaya. Da Turawa suka tafi aka rage ma'aikata, injin ban ruwa ya riƙa lalacewa ana daɗewa ba a gyara ba, sai ya koma garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga kogi zuwa tudu. Da kafaɗar ta gaji ya sayi jaki. Ba ya zuba ruwan a jikinta. Ya haƙa 'yar kwata da ta kewaye ta daidai inda inuwar rassanta ta tsaya, a nan yake zubawa, da sassafe da kuma bayan la'asar. In ya gama ya zauna ya dafa jabana, gahawarmu mai citta, ya sha shi kaɗai. Ban taɓa jin ya yi mata maganar daɗi ba. Faɗa yake mata.

"Ke dai ba ki da godiya. Jiya ma kin sha, yau kin wani lanƙwashe kamar an hana ki."

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba na so mutuwa ta sa in gyara shi. Yana da saurin fushi, ba ya karɓar gyara. Ya yi imani daga Sham aka kawo ta, a kan raƙumi, kuma da na taɓa ce masa mai yiwuwa a jirgin ruwa ta zo tana ƙwallo, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Ya taɓa kama akuyar limamin da ya gabata a cikin jinena ya ɗaure ta yini guda a rana. Babban yaƙinsa kuwa da masu sassaƙe ne. Mutanenmu in sun ga icce baƙo sai su ce lalle maganin wani abu ne, kuma an jingina wa Baƙuwa maganin komai, daga shawara har rashin haihuwa. Duk wanda ya shigo da 'yar wuƙa a aljihu Baffa yakan gane shi daga tafiyarsa.

"Malam, mi ka zo nema?"

"Inuwa."

"To ga inuwar maɗaci can, ta fi wagga kauri."

Sau ɗaya aka san wuƙa ta taɓa ta, kuma shi ya riƙe wuƙar. Wata mata ce daga cikin masu tsinkar auduga, ba 'yar ƙauyenmu ba, ta zo daga wajen Dindir goye da yaron da zawo ya zuƙe. Ba ta roƙa ba. Ta zauna nesa kaɗan tana kallon bishiyar har rana ta juya. Baffa ya tashi ya yanko ɓawo kamar tafin hannu ya ba ta, ya ce mata shi bai san ko yana magani ba, kuma ta wuce asibiti in ta iya. Sannan ya cuɗa laka ya liƙe wurin. Ba mu ji abin da ya sami yaron ba. Tabon yana nan a gefen gabas, daidai ƙirjin mutum.

Idan aka tsokane shi cewa ya sauke kaya, amsarsa ɗaya ce. "Ban shuka ta ba, iske ta na yi. Baƙo ya iske baƙo da ƙishirwa, ya wuce?"

Rigimarsu da Baba kuwa ta samo asali ne daga juyawar wata. A shekarun da watan hajji ke faɗowa cikin damina, lokacin da Baƙuwa ba ta buƙatar kowa, gidanmu ba shi da halin tafiya. Da aka sami shekarar da audugar hawashar Baba ta yi kyau, wato gonar da yake nomawa a ƙarƙashin hukumar ban ruwa, watan ya riga ya zame ya shigo bazara. A wurinmu ƙane ba ya riga wansa zuwa Makka. Baba ya shirya komai saboda Baffa: lori zuwa tashar jirgin ƙasa, abokan tafiya, harami. Tafiyar a lokacin takan ci watanni. Ina gida hutu ranar da suka yi maganar a zaure.

"Yaya, an gama komai. Jibi lori zai tashi."

"Wa zai ba ta ruwa?"

"A ɗauki mutum. Ni zan biya shi."

"An ɗauki mutum shekarar da na yi masassara. Ka ga abin da ta zama."

"To ni in riƙa zuwa."

"Kai da ke zuba ruwa kamar mai kashe gobara? Bari wata ya zagayo damina, in tahi hankalina kwance."

Baba ya juyo wurina. "Afandi, yaushe zai zagayo?"

Na ce ban lissafa sosai ba, amma ina jin zai haura shekara ashirin. Baffa ya ce Allah Ya kai mu. Ya kuma ce wa Baba ya tafi shi, ya yafe masa. Baba ya ce ba zai zama mutum na farko a zuriyarmu da ya tsallake wansa ba. Lori ya tashi ba ko ɗayansu. Shekarun da suka biyo baya tsutsa ta shiga auduga, abin da aka tanada ya tafi a ci da aurar da yara, gwiwoyin Baba kuma suka fara ciwo. Ba su daina gaisawa ba, suna cin abinci a akushi ɗaya ranar salla, amma ban sake jin sun yi hira ba. A ganina, kuma ra'ayina ne kawai, da an sami mai ban ruwa mai hankali bishiyar za ta kai damina. Na kuma san cewa da Baba ya karɓi yafewar da aka yi masa da yanzu alhaji ne. Ban iya raba laifin ba, kuma na daina gwadawa.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Baƙuwa ba ta cika haihuwa ba, amma wata shekara, bayan an gama madatsar Rusairis, ta zubar da 'yan ƙwallaye masu kama da dabino sanye da hula. Ko canjin ruwan kogi ne ya jawo, ban sani ba. Baffa ya tsince su ya sa a gwangwanayen madara. Ɗaya ta tsira. Ya ɗauko ta ya kawo gida, saboda awaki, ya ajiye bayan ɗakin Inna jikin zana. Goggo ta riƙe baki.

"Yaya, icce a cikin gida?"

"A cikin gwangwani. Gwangwani ba ƙasa ba ne. Ranar tahiya in aza ta bisa lori, ta ga Makka ita ma."

Daga gwangwani ta koma garwa, daga garwa ta koma rabin duro. Lokacin da ya rasu ta fi ni tsawo. Mutane sun karɓi hujjar, ko kuma sun ga ba riba a jayayya da shi.

Ana gobe addu'ar bakwai, bayan la'asar, Baba ya kira ni muka zaga bayan ɗakin. Goggo ta biyo mu. Inna tana ciki, tagarta a buɗe, labule a sake. Baba ya yi magana yadda za ta ji.

"Gobe liman zai tambaye ni. Ni ba na shaidar abin da ban gani ba. Yaya ya ce wagga matafiya ce. To mu ɗauke ta mu mayar jinena wurin uwarta. In ta ɗauku, na shaida."

Tsakanin matar wa da ƙanen miji akwai wasa, kuma ko takaba ba ta kashe shi duka ba. Daga bayan labule Inna ta ce, "Da waɗanne gwiwoyin, ɗan ƙanen miji?"

"Da waɗanda mijinki ya bar mini."

Muka kama bakin duron, shi gefe ni gefe. Bai motsa ba. Na ɗauka nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, na ce mu karkata shi mu mirgina. Muka tura tare, ganyen sama ya girgiza, duron yana nan inda yake. Goggo ta miƙo mini 'yar fartanyar Inna, na durƙusa na tone ta gefe ɗaya. Gindin duron tsatsa ta cinye shi. Ta tsakiya saiwa ta fito, kaurinta kamar wuyan hannuna, ta nutse cikin ƙasar gidan. Na ƙara tonawa ban ga ƙarshenta ba. Ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na biyu ba.

Baba ya dafa zana ya sunkuya ya duba da kansa. Ya daɗe. Sannan ya zauna a kan turmin da ke kife a wurin.

"Afandi, za ta ciru?"

Na fara bayani cewa ya danganta da zurfin saiwar, da lokacin shekara, da ko akwai ƙananan saiwoyi a cikin duron da za su riƙe ta, kuma cewa ban taɓa aiki da irin wannan bishiya ba. Goggo ta katse ni.

"An tambaye ka e ko a'a, kana neman kai mu Hartum."

Na ce sai an yanke saiwar, kuma a bazarar nan, iyakar sanina, in an yanke za ta mutu.

Baba ya juya wajen taga. "Yaya ya sani?"

Inna ta ce, "Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa mini ba. Da can yakan juya duron saboda rana. Sai ya bari. Ya dai ce in daina kai tsintsiya gindinsa."

Na ga yatsun Inna sun riƙe gefen labulen. Ni kuwa ina durƙushe da fartanya a hannu, ina tunanin ko da na bar tonon na ce nauyi ne kawai, ko da yake ba na jin Baba zai yarda.

"A karatunku," in ji Baba, "in an ce an shuka icce, mi aka yi?"

Na ce a haƙa rami, a sa shi, a mayar da ƙasa.

"Wa ya haƙa wanga?"

Na ce ba kowa. Ruwa ne ya ci ƙarfen, ita kuma ta bi ruwan.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙe da ƙyar, ya sa gefen takalminsa ya tura ƙasar da na tone ta koma, ya daddanna ta, har duron ya koma kamar an ajiye shi jiya. Bai kalli kowa ba ya fita.

Washegari bayan an sauke karatu an raba waina da shayi, liman ya gyara zama ya ce, "A ina ya tsaya?" Ya yi tambayar yana kallon tabarma. Baba ya ce, "A kan hanya." Ya ɗan dakata, ya ƙara abin da ba a saba ƙarawa ba: "Ya tsaya shayar da baƙo ne." Liman ya shafa Fatiha da sauri. Goggo ta ce Inna ba ta yi kuka ba sai a lokacin.

Ban san ko Baba ya faɗi abin da ya gani ba ne, ko abin da ya zaɓa. Ban kuma san yadda za a auna niyyar mutumin da ya ga saiwa ta huda duro ya hana a yi shara a wurin ba. Wannan ba ilimina ba ne, kuma Wanda zai auna ba Ya buƙatar shaidar kowa. Abin da zan iya faɗa shi ne, Baffa ya ɗauki ruwa zuwa tudu tun yana saurayi har ya tsufa, saboda abin da ba nasa ba, wanda ba zai ci ba, kuma bai taɓa neman a gode masa ba. Allah Ya gafarta masa fushinsa da taurin kansa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar, Ya isar da shi inda ya nufa.

Game da tsohuwar Baƙuwa, na yi magana a ofis an sa wani mutum yana ba ta ruwa. Yana ƙoƙari. Na je na gani a watan jiya, rassan sama na gefen yamma sun bushe, sauran da ganye. Ba zan ce za ta rayu ba, ba zan ce za ta mutu ba.

Ƙaramar kuwa tana nan cikin duronta. Da na koma gida kwanan baya na lura Baba ya bar dutsen da ya saba alwala a kai a ƙofar zaure. Yanzu da asuba da la'asar yakan ɗauki buta, babbar, ya ɗingisa ya zaga bayan ɗakin Inna, ya zauna a kan turmin nan, ya miƙa hannuwansa daidai bakin duron. Ranar da na iske shi Inna ta riga ni magana ta taga.

"Ƙanen miji, ko kai ma ka kama aikin jinena?"

Bai ɗago ba. Ya wanke hannun dama, ya wanke na hagu, ya tuttule sauran ruwan butar a hankali, ta gefe, ba a jikinta ba.

"Ruwan alwala ne," in ji shi. "Dole ya zuba wani wuri."